Abin da ke Bayan Motar Orozbek

Orozbek ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun da na san shi da mota ban taɓa ganin ƙasan but ɗinta ba. In ka roƙe shi ya kai maka buhun dankali kasuwar At-Bashi zai ce to, amma a kan cinyarka za ka riƙe buhun har ku isa.

Zamanin gonar gwamnati shi direban babbar mota ne, yana kai gashin tumaki garin Narin ya dawo da kwal. Da aka rushe gonar aka raba dukiyarta, ya sayar da tumakin da suka faɗo masa ya sayi wata koriyar mota ƙirar Niva wadda ta riga ta tsufa tun a hannun mai ita na farko. Shekaru da dama ita kaɗai ce motar da ke yarda ta tashi a ƙauyenmu in ƙanƙara ta rufe hanya. Daga nan aikin kai labarin mutuwa ya same shi, ba shi ya nema ba.

A wurinmu ba mai ɗaukar waya ya ce wa uwa ɗanta ya mutu, sai marar tarbiyya. Dattawa ake tarawa, su sa fararen hulunansu, su je gidan da sassafe, su zauna su fara da zancen ciyawa da sanyi, sannan babbansu ya faɗa. Kafin nan an riga an raɗa wa matan maƙwabta, suna tsaye bayan shinge suna jiran ihun farko su shigo su riƙe ta. To dattawa ba sa iya takawa zuwa ƙauyukan hayin kogi, sai a buga wa Orozbek ƙofa. Ko da motoci suka yi yawa daga baya, shi ɗin dai ake nema, don ba ya shan giya kuma bakinsa a rufe yake. Wani direban zai tsaya shan fetur ya tsegunta wa mai gidan man, kafin dattawa su isa labari ya riga su shiga gida.

Kayan but ɗin ba rana ɗaya suka taru ba. Akwai irin na kowa: jak, safaya, jarkar fetur, sarƙar taya ta lokacin santsi, takalmin roba, dunƙulen gishirin tumaki, da ledojin da ake ƙunso nama in an je biki. Sauran kuwa kowanne wata rana ce ta jawo shi. Shebur da diga sun shiga ne bayan wata jana'iza da ƙasa ta daskare, aka yi ta fama da shebur ɗin aro mai karyayyen ƙota har rana ta kusa faɗuwa. Kwalbar maganin zuciya, irin wanda ake ɗigawa a ruwa, ta shiga bayan wata tsohuwa ta sume masa a hannu. Wuƙaƙe da dutsen wasa su saboda dokin da ake yankawa ranar zaman makoki, don a cewarsa gidan mutuwa ba ya taɓa samun wuƙa mai kaifi. Sai igiya biyu da ba ya yarda a haɗa su, ɗaya ta jan mota, ɗaya ta ɗaure tantin da ake kafa wa gawa a tsakar gida. Can ƙurya kuma, cikin leda, bandir ɗin farin yadi. Wannan ya saye shi ne tun ranar da aka rasa likkafani, kanti a rufe a gari, aka naɗe wani bawan Allah da zanen gado mai furanni. Ba ya karɓar ko kwabo a kan yadin. In ya ƙare ya sayo wani.

Matarsa, Allah ya ji ƙanta, ta yi faɗa har ta gaji.

"Ni mutum na aura ko maƙabarta?" in ji ta.

"Ai ba a ɗaki na ajiye ba."

Iyakar abin da ta taɓa samu daga bakinsa ke nan.

A ƙauyenmu mun saba, har mun yi wa abin tsari. In hidimar duniya ce ta kawo shi, tun daga kan layi zai danna hon, ya leƙo ta taga ya ce, "Tsani na zo aro!" In kuwa koriyar motar ta gangaro shiru, to kowace mace sai ta ajiye abin da ke hannunta ta tsaya ta ga ƙofar da za ta tsaya.

'Ya'yansa mata sun yi aure nesa. Namiji ɗaya gare shi, Esenali, mai gyaran wutar lantarki a Narin, ya haura talatin bai yi aure ba. Sai ga shi ya zo da maganar wata Jarkinai, mai aiki a kantin magani. Na je na gan ta da kaina, na yi kamar maganin gwiwa na zo saya. Yarinya ce mai hankali, ba ta yi ƙoƙarin sayar mini da mai tsadan ba. Esenali ya faɗa wa ubansa ƙiri-ƙiri cewa in bai samu wannan ba, ba abin da zai zaunar da shi, Rasha zai bi abokansa aikin gini. Orozbek kuwa ya kai dattawa gidajen samarin da suka tafi Rasha fiye da yadda yake son tunawa, kuma na ga yadda ya kasa gama shayinsa.

Uban yarinyar, Turdubek, shi ma yana Mosko yana aikin gini, ya amince ta waya. Sai dai ba shi ke da magana ba. Jarkinai jikar fari ce, tun tana jaririya aka miƙa ta ga kakarta Kalbubu, ita ta rene ta, ita za ta bayar ko ta hana. Aka sa ranar Asabar da azahar mu je a sa wa yarinyar ɗan kunne, a tsayar da magana. Esenali zai taso daga Narin da dafaffen rago. Mu kuma daga ƙauye, ni da Orozbek da tsoho Moldokul da wani dattijo, mu zo da ɗan kunnen zinare da alewa da sauran tsaraba.

Ranar Juma'a da yamma na same shi yana wanke motar.

"Ka kwashe tarkacen nan," na ce.

"In aka yi mutuwa fa, Yaya?"

"Ta jira ka zuwa Lahadi."

"Ba ta taɓa jira ba."

"Ɗanka ya ce zai ɗauko hayar mota."

"Ina da mota zan je neman aure a motar haya? Su ce me?"

Na bar shi. Duk wanda ya girma da Orozbek ya san inda ake barinsa.

Da azahar aka ce, amma jikinsa ya saba da sammako, bai iya wata tafiya ba sai ita. Rana ba ta gama fitowa ba ya tsaya a ƙofata. Moldokul yana baya, ya sa farar hularsa, ya dafa sandarsa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Ya shiga motar nan sau da yawa don abu ɗaya, har fuskarsa ta saba.

"Baba Moldokul, saki fuska mana, aure za mu nema," na ce.

"A sake take."

"In wannan ce sakakkiyar, Allah ya tsare mu da ɗaurarriyar."

"Burul, ke dai tun kina yarinya bakinki ya fi ki girma. Mijinki ya yi haƙuri."

"Ya yi. Shi ya sa ya riga ni tafiya, ya huta."

Muka haye gada muka shiga ƙauyen su Kalbubu da hantsi, hayaƙin girkin safe bai gama kwanciya ba. Da muka juya cikin layin da aka kwatanta mana, sai na ji motar ta rage gudu.

"Yaya, shuɗiyar ƙofar can ce?"

"Ita aka ce."

"Na taɓa zuwa gidan nan."

"Yaushe?"

"Shekarar da motar kwal ta faɗa kwazazzabo. Babban ɗanta ne direban."

"Danna hon," na ce.

"A ƙofar surukai?"

"Danna, na ce maka!"

"Ba a yi wa gidan mutunci hon kamar tasha," in ji Moldokul daga baya.

Haka muka tsaya shiru, ba hon.

Kalbubu ita kaɗai ce a tsakar gida, tana kaɗa nonon goɗiya a salka. Ƙaramar tsohuwa ce, ta haura tamanin, amma idonta ras. Sunan Orozbek ta ji a maganar auren, amma ba ta gane ko wane ne ba. Motar kuwa ta san ta. Ta dubi koriyar motar, ta dubi fararen huluna biyu suna saukowa a hankali, ta dubi fuskar Moldokul. Ba ta yar da muciyar ba, jingine ta ta yi da bango. Sannan ta juya ta fuskanci bangon, ta riƙe ƙugu da hannu biyu, ta kwarma ihu da sunan Turdubek.

Ban san inda matan suka fito ba. Kafin in sauko da ƙafata ta biyu daga mota gidan ya cika. Wani maƙwabci ya taho tun daga nesa yana kukan maza da babbar murya, wani yana cewa a je a ɗauko sandunan tanti.

"Ba mutuwa ba ce!" na ce. "Aure muka zo nema!"

Wata ƙatuwar mata ta rungume ni ta baya. "Yi haƙuri, baiwar Allah, yi haƙuri."

"Sake ni, ba wanda ya mutar mini yau!"

Ba ta sake ni ba. Moldokul ya ɗaga hannu zai yi bayani, sai kowa ya yi tsit ana jiran ya faɗi yadda aka yi Turdubek ya mutu, shi kuma ya ruɗe ya fara da zancen ciyawar bana, don da shi ya saba farawa. Kuka ya dawo sabo. Kalbubu ta sulale ta faɗi, mata suka tallafe ta.

Orozbek ya yi abin da yake yi duk sanda tsohuwa ta faɗi, ya ruga ɗauko maganin zuciya. Ya ɗaga murfin but a gaban kowa. Ga shebur, ga diga, ga igiya, a samansu kuma ga wani ƙunshi an naɗe shi tsaf da farin yadi. A lokacin ne ni ma na san da me ya naɗe kayan auren.

Jarkinai da uwarta suna gidan maƙwabta suna gasa burodin baƙi. Suka shigo a guje, hannuwansu duk gari, uwar tana tsammanin mijinta ne, yarinyar tana tsammanin kakarta ce. Jarkinai ta gan ni, ta gane mai ciwon gwiwa, ta dubi motar, ta fahimta kafin kowa. Ta zaro waya ta kira ubanta ta bidiyo, ta durƙusa ta kara wa tsohuwar a fuska. Ga Turdubek da hular kwano a ka, yana tauna wani abu.

"Inna, lafiya? Me ya tara mutane a gida?"

Kalbubu ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Ɗan banza. Me ya hana ka kirana duk satin nan?"

Baƙo baƙo ne ko da ya zo da masifa, don haka aka shigar da mu ɗaki, aka yi shimfiɗa, aka zuba shayi. Kalbubu ta sha maganin Orozbek, don ba wani a gidan, ta zauna a mazauninta. Maƙwabta ba su tafi ba, suna tsakar gida suna leƙe ta taga. Aka shigo da ƙunshin aka ajiye a gabanta. Ta sa yatsa biyu ta murza bakin yadin.

"Na san yadin nan," in ji ta. "Da irinsa aka naɗe mini ɗa. Bandir ɗaya ne?"

"A'a, Inna," in ji Orozbek. "Wancan ya ƙare tuntuni."

Moldokul ya runtse ido.

"Me ya sa ka naɗe kayan jikata da shi?"

"Shi ne ya fi komai tsabta a motar. Hanyar akwai ƙura."

Gaskiya ya faɗa. A wurinsa yadi ne, sai an yanka shi an naɗe mutum yake zama wani abu. Ya daɗe yana hulɗa da shi har ya manta yadda sauran mutane ke ganinsa.

"Ɗan kunnen da ya yi tafiya cikin likkafani ba zai shiga kunnen jikata ba," in ji Kalbubu. "Ku sha shayinku. Ku gaida gida."

Kowa a ɗakin ya san abin da hakan ke nufi. Wanda aka mayar wa da kayansa ba ya sake dawowa ƙofar nan, ko ya dawo ba a buɗe masa. Daidai lokacin Esenali ya iso da ragonsa, ya yi aski ya sa sabuwar riga. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi fuskokinmu, ya dubi farin ƙunshin, ya dubi ubansa.

Orozbek ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon ta ranar ba.

"Inna, ni na jawo, ba yaron ba. Shi cewa ya yi a ɗauko wata motar, na ƙi. Yayata ta ce in kwashe kayan, na ƙi. In kika hana shi Rasha zai tafi. Ni kuma na san yadda wasu ke dawowa daga can."

"Nawa ɗan yana can," in ji ta. "Ni kake gaya wa?"

Ya mayar da kai ƙasa.

"Kaka," in ji Jarkinai daga bakin ƙofa, "ni ko zare aka ɗaura mini..."

"Rufe mini baki. Wa ya tambaye ki?"

Na ga in aka bar wa maza maganar nan, da ragonmu za mu koma. Na kai hannu na kwance 'yan kunnena. Tsofaffi ne na azurfa, masu nauyi, sun ja mini fatar kunne har ta yi tsawo. Na ajiye su a kan shimfiɗa na tura mata.

"Waɗannan a kunnena suka zo, Yaya Kalbubu, a kujerar gaba. Ba su taɓa shiga but ba."

Ta ɗauki ɗaya ta juya shi. "Na wa ne?"

"Uwar mijina ta sa mini."

"Ta yi tsawon rai?"

"Ta kai casa'in tana zagina."

"Mijinki fa?"

"A gadonsa ya mutu, da tsufansa, bayan ya ci ya ƙoshi."

"'Ya'ya?"

"Biyar. Duk suna nan, suna damuna."

Ta auna shi a tafin hannunta. "Azurfa ce."

"Azurfa ce. Zinaren yana cikin likkafani. Ki zaɓa."

Wata daga cikin masu leƙen taga ta yi dariya, aka ce mata ta yi shiru. Kalbubu ba ta yi dariya ba. Ta dubi Esenali tun daga takalmi har aski, ta tambaye shi ko shi ma yana tuƙa motar ubansa. Ya ce a'a, bas yake hawa. Ta ce ya kyauta. Sannan ta juya ga Orozbek.

"Kai kuma saurara. Motar nan ba za ta bi amarya ba, ko daga nesa. Kuma kada ta sake tsayawa a ƙofata don gaisuwa ko biki ko suna. Ranar da na gan ta a nan, ina so in san abin da ta kawo. Kada ka sake ruɗa ni, zuciyata ba ta da ƙarfin yin wannan sau biyu a banza."

"Na ji, Inna."

"Ba na ji ba. Ka yarda?"

"Na yarda."

Ta yafito Jarkinai, yarinyar ta durƙusa a gabana, na sa mata 'yan kunnen. Hujin kunnenta ƙarami ne, sai da ta ɗan yi ƙara. Moldokul ya yi addu'a, wannan karon ya fara daga inda ya kamata. Maƙwabtan da suka zo kuka suka zauna suka cinye ragon tas, ba a samu abin ƙunsawa a leda ba. Alewar aka raba wa mutanen layi, Kalbubu ta ce ba za ta kwana a gidanta ba. Zinaren kuma ni aka ba. Ga shi a kunnena, ban mutu ba tukuna.

An yi bikin da kaka, bayan an sauko da dabbobi daga dutse. Orozbek ya je a motar wani, yana zaune a baya kamar fasinja, hannuwansa a kan gwiwa bai san inda zai sa su ba. Esenali yana Narin da matarsa, maganar Rasha ba ta sake tasowa ba. In Orozbek zai je gaida surukansa, a bakin gada yake kulle motar, ya ƙarasa da ƙafa duk da ciwon gwiwar da ke damunsa yanzu, da ledar tsaraba a hannu. Kalbubu da kanta take zuba masa shayi, ta tambaye shi lafiyar tumaki da farashin ciyawa. Ba ta taɓa tambayarsa inda ya bar motar ba.